Darasi Don Iyali: Allurar Rigakafin Karnuka, Amfaninta da Haɗarinta

Manufar Darasi

Manufar wannan darasi ita ce a taimaki iyalan da suke kiwon kare su fahimci aikin allurar rigakafi, da illar da takan biyo bayanta, da abin da yakan faru idan an ƙi yin ta, domin su yanke shawara bisa ga sani, ba bisa ga jita-jita ba.

Gabatarwa

Duk wanda ya bi titunan Wuse da tsakar dare, daga Shiyya ta 1 har zuwa ta 7, ko cikin Wuse 2, zai ji haushin karnuka daga bayan katangu. Waɗansu manyan karnukan Turai ne da aka saya da tsada domin gadi, waɗansu ƙanana ne masu yawan gashi da yara suke wasa da su a falo, waɗansu kuma karnukan gida ne da aka kawo daga ƙauye tun suna 'yan kwikwiyo. Kowane irinsu yana cuɗanya da mutane, musamman yara.

A ɗauki misalin wani iyali a ɗaya daga cikin waɗannan gidaje. Bara an yi wa karensu allura, bayan awa biyu sai fuskarsa ta kumbura, ya ƙi abinci har kwana biyu. Da shekara ta kewayo, maigida ya ce, "Maman yara, bana kam a ƙyale shi. Kare yana cikin katanga, ba ya zuwa ko'ina, me zai same shi? Allurar nan ce ta kusa kashe shi." Uwargida kuwa ta ce, "Baban yara, ka manta ranar da ya fice da aka buɗe wa mai ruwa ƙofa, bai dawo ba sai da asuba? Ga auta kullum hannunsa a bakin karen nan."

Dukansu biyu suna da hujja. Allura tana da illarta, rashin yin ta kuma yana da nasa haɗari. Abin da ya rage shi ne a ɗora su bisa ma'auni a ga wanda ya fi nauyi.

1. Cutar da Ake Gudu

Babban dalilin yi wa kare allura shi ne ciwon haukan kare. Ƙwayar wannan cuta tana cikin yawun dabbar da ta kamu. Sa'ad da kare ya ciji mutum, ko ya yakushe shi, ko ya lashi wani miki a jikinsa, ƙwayar takan shiga nama, sa'an nan ta bi jijiyoyi sannu a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa. Wannan tafiya takan ɗauki wata 2 zuwa 3, ko da yake tana iya zama mako guda, tana kuma iya kai shekara. Cizon da ya fi kusa da kai, wato a fuska ko a wuya, shi ya fi saurin kawo cutar. Saboda haka ƙananan yara suka fi shiga haɗari, gama tsayinsu daidai yake da bakin kare, kuma sau da yawa sukan ɓoye ƙaramin cizo don tsoron faɗa.

A duk wannan lokaci mutum yana jin kansa lafiya lau, mikin ma ya warke. Amma da zarar alamu sun bayyana, wato zazzaɓi, da ƙaiƙayi ko zafi a wurin tsohon cizon, da firgita, da tsoron ruwa har mai ƙishi ya kasa haɗiye shi, to, kusan babu wanda yake tashi. A cikin cututtukan da aka sani, da wuya a sami wadda ta kai ta kisa bayan ta bayyana.

Hukumar Lafiya ta Duniya, bisa ga wani bincike na shekarar 2015, ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya. Kusan kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samun ta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. A Nijeriya ba baƙuwa ba ce: an rubuta labarinta a jikin mutum tun 1912, aka kuma tabbatar da ita a jikin kare a 1925.

Akwai wani abin lura. Ba kowane kare mai wannan cuta ne yake gudu yana cizon duk abin da ya gani ba. Wani yakan yi shiru, muƙamuƙinsa ya saki, yawu yana dalala, kamar wanda ƙashi ya maƙale wa a wuya. Mai shi, don tausayi, sai ya zura hannu ya ciro ƙashin, da haka ya ɗauki cutar.

2. Yadda Allura Take Aiki

Allurar rigakafi tana ɗauke da ƙwayar cuta da aka kashe, ko wadda aka raunana har ba ta da ƙarfin yin ɓarna. Sa'ad da ta shiga jiki, garkuwar jiki takan gane ta, ta shirya makaman yaƙi da ita, ta kuma riƙe kamanninta. Ranar da ainihin cutar ta zo, sai ta tarar da jiki a shirye.

Louis Pasteur, masanin kimiyya na ƙasar Faransa, shi ne ya fara gwada rigakafin wannan cuta a kan mutum. Ranar 6 ga Yuli, 1885, aka kawo masa wani yaro mai shekara 9, Joseph Meister, wanda mahaukacin kare ya cije shi a wurare da yawa. Aka yi masa jerin allurai, yaron kuwa ya rayu har ya manyanta. Pasteur ya rasu ranar 28 ga Satumba, 1895, shi ya sa aka keɓe 28 ga Satumba ta zama ranar yaƙi da ciwon haukan kare a duniya.

A nan gida, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom, a Jihar Filato, wadda ta zauna a can tun 1924, ta daɗe tana sarrafa alluran dabbobi, har da ta haukan kare. Dattawa da suka yi kiwo za su tuna yadda ciwon bushiya yake share garken shanu. Da allurar rigakafi aka yaƙe shi, har a 2011 aka yi shelar cewa ya ƙare a duniya baki ɗaya.

Masana sun gano cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki allura, aka kuma dinga maimaitawa, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa ta mutu. Ƙasar Meziko ta bi wannan hanya shekara da shekaru, a 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar da cewa ta kawar da mutuwar mutane ta dalilin cizon mahaukacin kare. Burin da ƙasashen duniya suka sa a gaba shi ne kafin 2030 kada a ƙara rasa rai ta wannan hanya. Ashe allurar da aka yi wa karen gida ɗaya ba gidan kaɗai take tsarewa ba, har da ɗan maƙwabci, da mai kawo ruwa, da almajirin da yake wucewa.

3. Sauran Cututtukan Kare

Ban da haukan kare, akwai waɗansu cututtuka da ba su cika taɓa mutum ba, amma suna hallaka karnuka ƙwarai. Ta farko ita ce wadda likitocin dabbobi suke kira fabo, wadda ta ɓulla a duniya a 1978. Tana kama hanjin kwikwiyo, ta sa shi amai da gudawar jini mai wari, cikin 'yan kwanaki ruwan jikinsa ya ƙare. Ƙwayarta tana iya zama a ƙasa watanni da yawa, kuma mutum yana iya shigo da ita gida a tafin takalminsa. Wannan kaɗai ya isa amsa ga mai cewa karensa ba ya fita waje. Ta biyu ita ce distemfa, mai kawo majina, da kwantsa, da tari, daga baya farfaɗiya. Akwai kuma ciwon hanta na karnuka, da wata cuta da ake ɗauka daga fitsarin ɓera da ruwan kwatami, mai lalata ƙoda da hanta, wadda ita kam tana iya kama mutum.

Akan haɗa rigakafin waɗannan a allura ɗaya, wadda akan rubuta DHLPP a katin kare. Ana fara ta sa'ad da kwikwiyo ya kai mako 6 zuwa 8, a maimaita bayan kowane mako 2 zuwa 4, har ya kai mako 16. Dalilin maimaitawar shi ne, garkuwar da kwikwiyo ya sha a nonon uwa tana tsare shi na ɗan lokaci, amma tana kuma hana allura kamawa, ba a kuwa san ranar da za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo ba. Wanda ya yi ta farko ya bar sauran, ya bar aikin a rabi. Allurar haukan kare kuwa ana yin ta a wata 3 da haihuwa, kuma a ƙasar nan, inda cutar take ko'ina, likitoci sukan sabunta ta kowace shekara.

4. Illar Allura

Ba gaskiya ba ne a ce allura ba ta da illa ko kaɗan. Mafi yawan abin da akan gani shi ne kasala, da ɗan zazzaɓi, da ƙin abinci na kwana ɗaya ko biyu, da ɗan ƙululu a wurin da allurar ta shiga, wanda yakan baje cikin 'yan makonni. Wannan alama ce ta cewa jiki yana aikinsa.

Wani karen kuma jikinsa yakan ƙi wani abu da ke cikin allurar. Fuska da leɓe su kumbura, fata ta yi rudu-rudu, ya yi ta susa ko amai, yawanci cikin mintoci ko awoyi kaɗan. Irin wannan ne ya sami karen iyalin da aka ambata. Mafi muni, wanda ba safai ake ganinsa ba, shi ne numfashi ya sarƙe, kare ya faɗi. Wannan yana iya kisa idan ba a yi masa allurar gaggawa nan take ba.

Sau nawa haka take faruwa? Wani babban bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya duba bayanan karnuka sama da miliyan 1.2 da aka yi wa allura. An sami illa cikin kwana 3 a jikin karnuka 38 daga kowane 10,000, wato kimanin ɗaya cikin 260, yawancinsu kuwa kumburi ne da ƙaiƙayi da amai, ba abin da ya kai ga mutuwa ba. Binciken ya nuna kuma cewa ƙananan karnuka marasa nauyi, da waɗanda aka yi wa allurai da yawa a zuwa ɗaya, su suka fi samun matsala.

Likitocin dabbobi ma ba su ce a yi ta allura ba iyaka ba. Ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya ta ba da shawara cewa, bayan kare ya gama alluran ƙuruciya da ta ƙarin ƙarfi, rigakafin fabo da distemfa da ciwon hanta yana daɗewa, ba lalle ne a sabunta shi fiye da sau ɗaya a shekara 3 ba. Na cutar fitsarin ɓera kuwa ba ya wuce shekara guda. Saboda haka mai kare yana da damar tambayar likita wace allura ce ta zama tilas a bana, wace ce kuma za ta iya jira.

Amma zancen cewa allura tana sa kare ya yi sanyi ya daina gadi, ko ta kashe masa hancin farauta, ko ta hana karya haihuwa, ba shi da tushe. Kasalar kwana biyu ce ake gani a yanke hukunci a kanta.

5. Haɗarin da Aka Fi Mantawa da Shi

A garuruwan ƙasar nan, haɗarin da ya fi illar allura shi ne allurar da ba ta aiki. Dole a ajiye rigakafi cikin sanyi tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salshiyos, tun daga inda aka sarrafa shi har zuwa jikin kare. Idan ya kwana a firijin da wuta ta ɗauke, ko ya yini a aljihun mai yawo a zafin watan Maris, ko ya daskare ya zama ƙanƙara, ƙarfinsa yakan ragu ko ya tafi gaba ɗaya, alhali kwalbar tana nan yadda take. Iyali su saki jiki suna cewa karensu yana da rigakafi, nan kuwa ruwa kawai aka zuba masa.

Akwai masu bin gidaje da jaka suna kiran kansu likitoci, kuɗinsu da sauƙi, amma araha ba ta ado. Likitan dabbobi na gaskiya yana da rajista da Majalisar Likitocin Dabbobi ta Nijeriya. Yakan duba lafiyar kare kafin ya taɓa shi, gama ba a yi wa kare mai zazzaɓi ko gudawa ko wanda tsutsar ciki ta rame shi allura sai ya warke. Yakan fito da maganin daga firiji ko akwatin sanyi a gaban mai kare, ya yi amfani da sabon sirinji, ya manna takardar kwalbar a katin kare, ya sa kwanan wata da hannu. Mazauna Abuja ba su rasa wurin zuwa ba: akwai asibitocin dabbobi na Hukumar Babban Birnin Tarayya, da masu zaman kansu a Wuse da kewayenta, da asibitin koyarwa na likitocin dabbobi na Jami'ar Abuja. Sau da yawa kuma akan shirya allura kyauta a lokacin ranar 28 ga Satumba.

6. A Ɗora Bisa Ma'auni

A gefe ɗaya akwai kasalar kwana biyu, da kumburin da yake samun kare ɗaya cikin ɗaruruwa, wanda kuma yake da magani. A ɗaya gefen akwai cutar da ba ta da magani bayan ta bayyana, wadda ba karen kaɗai take ɗauka ba, har da yaron gida. Ta wajen kuɗi ma haka ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa jinyar mutum ɗaya bayan cizo, haɗe da kuɗin mota da aikin da ya rasa, tana cin wajen dala 108, abin da ya ninka kuɗin allurar kare sau da yawa.

Katanga kuwa ba ta isa kariya ba. Kare yakan tsere lokacin barbara, karnukan yawo sukan zo bakin ƙofa, kyanwa takan tsallaka katanga. Iyalai da yawa sukan tafi da kare gida lokacin hutun ƙarshen shekara, ko su dawo da sabon kwikwiyo wanda ba a san tarihinsa ba. Wuse ba tsibiri ba ce: mutane da dabbobi suna kai da kawowa kullum tsakaninta da Mpape, da Kubwa, da Nyanya, da Mararaba.

To, me ya kamata iyalin nan su yi? Ba su bar allura ba, ba su kuma yi kamar abin bara bai faru ba. Su faɗa wa likita dukan abin da suka gani. Shi zai iya raba alluran, ya yi ta haukan kare ita kaɗai, ya ɗage waɗanda ba na dole ba, ya ba da maganin hana kumburi tun kafin allurar, ko ya canja irin da aka yi amfani da shi. Su je da safe, su zauna a asibitin kamar minti 30 bayan allurar, su kuma sa wa karen ido har yamma. Da haka tsoron maigida da damuwar uwargida duka sun sami amsa.

7. Idan Kare Ya Ciji Mutum

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka ya kamata kowa a gida, har da yara da masu aiki, ya san waɗannan tun yanzu:

(a) A wanke wurin nan da nan da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sa'an nan a shafa aidin ko sifirit. Wannan wanki kaɗai yana rage haɗari ƙwarai.

(b) Kada a zuba toka, ko barkono, ko garin magani, kada kuma a ɗaure mikin tam.

(c) A tafi asibiti a ranar, kome ƙanƙantar cizon. Mazauna Wuse suna da asibitin gwamnati a Shiyya ta 3, ga kuma Asibitin Ƙasa ba nisa. Ana fara allurar mutum a ranar farko, a sake a rana ta 3 da ta 7, wani tsarin kuma yana da ta huɗu tsakanin rana ta 14 da ta 28. Cizo mai zurfi yana bukatar ƙarin wata allura da ake yi a cikin mikin. Mace mai ciki da jariri ma ana yi musu.

(d) Kada a kashe karen cikin fushi, kada a sayar da shi, kada a yanka shi. A tsare shi kwana 10 a ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi. Idan ya cika kwanakin lafiya lau, ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Amma kada a jira kwana 10 kafin a je asibiti.

(e) Mai kare ya fito da katin allura, ya faɗi gaskiya. Ɓoye cewa ba a yi wa kare allura ba, don gudun kunya ko biyan kuɗin magani, wasa ne da ran ɗan wani.

(f) Iyaye su tabbatar wa yara cewa ba za a yi musu faɗa ba idan suka faɗi cewa kare ya cije su ko ya yakushe su.

Tambayoyi Don Tattaunawa

1. Me ya sa yara suka fi manya shiga haɗarin ciwon haukan kare?
2. Yaushe aka yi wa karen gidan allura ta ƙarshe, ina kuma katinsa yake?
3. Ta yaya za a bambanta likitan dabbobi na gaskiya da mai yawo da jaka?
4. Wane hakki ne yake kan mai kare idan karensa ya ciji ɗan maƙwabci?
5. Me ya kamata iyali su yi da kare idan za su ƙaura, ko sun kasa ci gaba da kiwonsa, maimakon su sake shi a titi?

Kammalawa

Wanda ya ɗauki kare ya ɗauki nawaya biyu: ta lafiyar dabbar da take dogara gare shi, da ta lafiyar mutanen da suke kewaye da ita. Allurar rigakafi tana da illa, amma illar kaɗan ce, an san ta, ana kuma iya magance ta. Cutar da take hanawa kuwa ba ta ba da zarafi na biyu. Iyalin da suka nemo katin karensu a wannan mako, suka duba kwanan watan da ke ciki, suka kuma sa ranar zuwa wurin likita, sun cika manufar wannan darasi.